Kantar haƙori: abin da buroshi zai iya da abin da ya fi ƙarfinsa

Duk mai son ganin inda matsalar take ba sai ya je asibiti ba. Ya tsaya gaban madubi a wuri mai haske, ya buɗe baki, ya ɗan sunkuyar da kai, ya leƙa bayan haƙoransa na gaba na ƙasa, wato ɓangaren da harshe ke taɓawa. Mutane da yawa, har da masu goge baki safe da yamma, za su tarar da wani abu ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa ya maƙale a gindin haƙoran, ya cike tsakankaninsu har ba a gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. In aka sa farce aka karta, ko gezau ba ya yi. Wannan ita ce kantar haƙori, wadda likitoci ke kira kalkulos.

Abubuwa biyu ne mutane ke haɗawa su kira su dattin haƙori, alhali maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma daga nan ruɗanin ya samo asali. Na farko dauɗa ce mai laushi, fara, mai ɗan yauƙi, wadda in ka karci haƙori da farce da sassafe za ka ga ta fito. Ana ɗaukarta ragowar tuwon dare, amma akasarinta ƙwayoyin bakteriya ne masu rai. Minti kaɗan bayan an goge baki, yawu kan shimfiɗa wani siririn lulluɓi a kan haƙori. A kan wannan lulluɓin ƙwayoyin ke sauka, su hayayyafa, su fitar da wani danƙo da ke riƙe su da juna da kuma jikin haƙorin. Kurkure baki da ruwa ba ya ɗaga su, sai an goga.

An daɗe da sanin haka. A shekarar 1683 wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, wanda ya shahara da ƙera madubin ƙara girman abu, ya karto wannan farar dauɗa daga tsakanin haƙoransa ya duba, sai ya ga 'yan halittu birjik suna motsi. Ya kurkure bakinsa da ruwan tsami mai ƙarfi ya sake dubawa, ya tarar na saman ne kawai suka mutu, na can ciki suna nan da ransu. Masu sayen ruwan kurkure baki da tunanin zai ɗauke musu wahalar buroshi ya kamata su riƙe wannan labari.

Abu na biyu, wato kantar, wannan dauɗar ce dai bayan ta daskare. Abin da ke daskarar da ita kuwa yawu ne. Baki kan samar da abin da ya kai rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi na yawu a rana, kuma yawun cike yake da sinadaran kalsiyam da fosfet. Amfaninsu babba ne, domin su ke mayar wa haƙori abin da tsamin abinci ya zare masa. Sai dai ba sa tantance haƙori da dauɗar da ke kwance a kansa. In dauɗar ta kwana ta yini ba a taɓa ta ba, sinadaran sai su fara zama a cikinta, daga ƙasa suna yowa sama. Cikin kwana ɗaya zuwa uku daskarewar ta soma, cikin kamar mako biyu ta yi tauri sosai. Kantar da ta nuna, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari nata ma'adani ne. Magina sun san wannan a siminti: wanda ya zuba a kan tayil yanzu, tsumma da ruwa sun ishe shi, amma in aka bar shi ya kwana uku sai an nemo kurfi da guduma.

Wannan kuma shi ya sa kantar ke da wuraren da ta fi so. A ƙarƙashin harshe, daidai bayan haƙoran gaba na ƙasa, akwai ƙofofin da yawu ke ɓulɓulowa. Akwai wasu kuma a cikin kumatu, daura da turamen sama. Haƙoran da ke bakin waɗannan ƙofofi kullum a jiƙe suke da sabon yawu mai ma'adani, sannan su ne buroshi ya fi tsallakewa. Dubi yadda yawancinmu ke goge baki: a cika buroshi da makilin, a datse haƙora, a yi ta dirzar na gaba hagu da dama da ƙarfin tsiya har kumfa ta cika baki, a tofar, a kurkure, shi ke nan. Wurin da mutane ke gani in an yi murmushi ya sha guga, wurin da kantar ke taruwa ko kallo bai samu ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Mutane sun bambanta ƙwarai a wannan fanni, kuma ba duka ne laifin ƙazanta ba. Wani zai yi shekaru bai ga likitan haƙori ba a tarar da 'yar kaɗan, wani kuwa wata uku bayan an wanke masa ta dawo. Yanayin yawu ne. Wanda yawunsa ke da yawan ma'adani kuma ba shi da tsami ya fi saurin tara kanta, kuma sau da yawa irinsu ba su cika fama da kogon haƙori ba, domin kogo tsami yake so, kanta kuwa akasin haka. Masu ciwon ƙoda da ya yi nisa sukan tara ta da yawa saboda sinadarin yuriya da ke ƙaruwa a yawunsu. Cunkusassun haƙora da suka hau kan juna su ma matattara ce. Haka nan wanda ciwo ya sa yake tauna da gefe guda, gefen da ya daina aiki ne zai cika da kanta, tunda ko gogar da abinci ke yi ba ya samu.

To, mene ne illarta, ban da muni? A nan akwai abin da ya kamata a faɗa daidai. Ita kantar a karan kanta dutse ne, ba ita ke cin dasashi kai tsaye ba. Matsalar ita ce samanta kaushi gare shi, cike da 'yan ramuka, saboda haka kullum akwai sabuwar dauɗa mai rai a kwance a kanta, manne da dasashi, a inda ba a iya share ta tas. Wannan dauɗar ce ke hura wutar. A 1965 wani likita, Harald Löe, da abokan aikinsa a birnin Aarhus na ƙasar Denmak suka nuna haka ƙarara. Suka samu mutum 12 masu lafiyayyen dasashi, akasarinsu ɗaliban likitancin haƙori, suka ce su daina goge baki gaba ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 21 dukansu dasashinsu ya kumbura. Da suka koma goge baki, cikin kamar mako guda kumburin ya tafi. Ba a ba su ko ƙwaya ɗaya ta magani ba.

Wannan matakin farko, na ja da kumburi da zubar jini, yana warkewa sarai. Na biyun ne ba ya komawa baya. In kumburin ya daɗe, dasashi sai ya fara sakin haƙori, wani ɗan aljihu ya buɗe a tsakaninsu. A lafiyayyen baki zurfin wannan wuri milimita 1 zuwa 3 ne. In ya zarce haka, dauɗa ta samu maɓoya, kuma wata kantar ta daban sai ta fara fitowa a can ƙarƙashin dasashi, baƙa ko ruwan ƙasa mai duhu saboda jinin da ke gauraya da ita, ta fi ta sama tauri da riƙo. Jiki na yaƙi da ƙwayoyin, a garin yaƙin ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori yana zaizayewa a hankali. Abin takaicin shi ne ba ya ciwo. Sai mutum ya kai shekara arba'in da wani abu ya ga haƙori lafiyayye, ba kogo ba komai, yana girgiɗi, a ce tsufa ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 19 cikin ɗari na manyan mutane a duniya, wato sama da mutum biliyan ɗaya, suna fama da ciwon dasashi mai tsanani.

Daga nan za a gane iyakar abin da gida zai iya. Aikin gida shi ne a tarwatsa dauɗar tun tana da laushi, kowace rana, a kowane lungu, kafin yawu ya daskarar da ita. Ba ya buƙatar ƙarfi ko kaɗan, tunda abin da ake cirewa farce ma yana ɗaga shi. Abin da yake buƙata shi ne buroshin ya isa wurin. Buroshi mai laushi, mai ƙaramin kai, ya fi mai tauri, domin mai tauri ba ya lanƙwasa ya shiga lungu, sai dai ya ci dasashi ya zaizaye wuyan haƙori. A karkata gashinsa ya fuskanci inda haƙori ya haɗu da dasashi, a ɗan jijjiga shi a wurin, haƙori biyu-biyu, sannan a share zuwa bakin haƙorin. In an zo bayan haƙoran gaba na ƙasa, buroshi a kwance ba ya shiga, sai an miƙar da shi tsaye an sa kansa an goga sama da ƙasa. Ni dai shawarar da na fi ba mutane ita ce su fara daga can, tun hannu bai gaji ba kuma kumfa ba ta cika baki ba, su bar na gaba su zama na ƙarshe. Minti biyu ake so, sau biyu a rana, kuma na dare ya fi na safe muhimmanci, domin in an yi barci yawu kan ragu ƙwayoyin su samu sarari. A wurinmu kuwa na safen aka fi riƙewa, saboda warin baki ake gudu.

Wani kuskure da ya zama ruwan dare shi ne mutum ya ga jini a kumfa sai ya daina taɓa wurin, yana ganin buroshin ne ya ji masa rauni. Mafi yawan lokuta jinin alama ce cewa dauɗa ta daɗe a wurin. In aka ci gaba da gogewa a hankali, cikin mako ɗaya zuwa biyu yakan tsaya. In bai tsaya ba, akwai kanta a ƙasa ko wata larura, sai asibiti.

Batun asuwaki yana buƙatar adalci, domin akwai masu raina shi da sunan wayewa, akwai kuma masu ɗora masa abin da ba zai iya ba. Matsayinsa a addini sananne ne, hadisin da ke cewa ba don gudun tsananta wa al'umma ba da an umarce su da asuwaki a kowace salla yana cikin Bukhari da Muslim. Ta fuskar lafiya kuwa, binciken da aka yi a kan asuwakin itacen arak ya nuna cewa a hannun wanda ya iya, yana cire dauɗa mai laushi daidai gwargwado kamar buroshi. Kuma ga wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: mai yin asuwaki sau biyar a yini ba ya ba dauɗar lokacin da za ta zauna. Rauninsa a siffarsa yake. Gashin buroshi a gefe yake, na asuwaki kuwa a kan sandar yake, miƙe, don haka yana jin daɗin fuskar haƙoran gaba amma juya shi ya shiga bayan haƙora da can ƙuryar turame sai an yi da gaske. Sannan akwai bambanci tsakanin yin asuwaki da riƙe asuwaki. Wanda ya saƙala reshen darbejiya a gefen baki yana taunawa yana hira a bakin shago har hantsi, bai goge komai ba. Wanda kuma yake dirza busasshen asuwaki da ƙarfi a wuri guda shekara da shekaru, zai ga dasashin wurin ya ja baya. A jiƙa kan ya yi laushi, a riƙa yanke wanda ya tsufa, a bi haƙora ɗaya bayan ɗaya ciki da waje. Haɗa shi da buroshi da makilin safe da dare ya fi a zaɓi ɗaya a bar ɗaya. Mai azumi ma ba shi da hanzari, tunda a mazhabar Malikiyya an halatta masa asuwaki dukan yini, kuma goge baki bayan sahur yana rage abin da bushewar baki ke jawowa.

Akwai inda buroshi da asuwaki duk ba sa kaiwa, wato gefen da haƙori ke jingine da ɗan'uwansa. Tsinken sakace yana fitar da naman da ya maƙale, amma ba ya share dauɗar da ke manne a bango, kuma tsinken tsintsiya ko ashana sun fi yin rauni a kan gyara. Zaren sakace da ake sayarwa a kantin magani shi aka yi domin wannan. Ana zura shi a hankali, a lanƙwasa shi ya rungumi haƙori ɗaya, a goga sama da ƙasa, sannan a juya kan ɗayan. Ga wanda tsakanin haƙoransa ya buɗe, akwai 'yan ƙananan buroshi masu kama da tsinke da suka fi zaren aiki. Sau ɗaya a rana ya wadatar.

Makilin kuwa, abin da za a fara dubawa a jikin kwalinsa shi ne sinadarin fuloraid, wanda ake so ya kai 1000 zuwa 1500 a ma'aunin da ake rubutawa ppm. Shi aikinsa kare haƙori daga kogo, kuma don ya yi aikin ne ake cewa a tofar kawai, kada a bi da ruwa a wanke shi. Akwai kuma nau'in da ake rubuta wa cewa yana yaƙi da kanta, wanda kamfanin da ke yin makilin Crest ya fito da shi kasuwa a Amurka a 1985. Irin wannan yana ɗauke da fairofosfet ko zink, masu hana ma'adanin yawu daskarewa a cikin dauɗa. Suna rage saurin taruwar sabuwa a saman dasashi, wannan gaskiya ne. Wadda ta riga ta zauna kuwa ba sa taɓa ta, ko me hoton kwalin ya nuna. Buroshi mai aiki da batir shi ma yana da ɗan fifiko, domin nazarin da cibiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken likitanci, ta tattara a 2014 ya samu ragin dauɗa da kashi 21 cikin ɗari bayan wata uku idan aka kwatanta da na hannu. Taimako ne ga tsofaffi da masu raunin hannu, amma wanda bai da kuɗinsa bai yi asarar komai ba in ya iya riƙe na hannu. Ruwan kurkure baki mai kiloheksidin yana kashe ƙwayoyi sosai, likita kan rubuta shi na ɗan lokaci, sai dai in aka daɗe a kansa yana rina haƙora, kuma abin mamaki yana ƙara taruwar kanta.

Yanzu sai magungunan da ke yawo a Facebook da TikTok da bakin 'yan talla: lemun tsami da gishiri, ruwan kal, garin gawayi, toka, kanwa, bekin soda. Hujja ɗaya ta ishe su duka. Kanta da ɓawon haƙori dangin ma'adani ɗaya ne, kalsiyam da fosfet. Duk tsamin da zai narkar da ɗaya zai narkar da ɗayan. Ɓawon haƙori kan fara narkewa in lamba ta sauko ƙasa da 5.5 a ma'aunin tsami na pH, wanda lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru, ruwan lemun tsami kuwa tsakanin 2 da 3 yake. Hasken da ake gani bayan an shafa shi, saman haƙorin ne ya ɗaye, kuma ɓawon haƙori ba ya tsirowa. In ya yi siriri sai launin ɗorawa na abin da ke ƙarƙashinsa ya bayyana, ruwan sanyi ya fara tsirawa har ƙwaƙwalwa. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Gawayi da toka da gishiri kuwa kankara suke yi, suna iya ɗauke tabon goro ko na shayi, amma kantar da ke lungu ba su isa gare ta ba. Wani bita da mujallar Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta buga a 2017 bai samu hujjar da ta tabbatar da amfani ko amincin makilin gawayi ba. Bekin soda ya fi su sauƙi a kan haƙori, yana cire dauɗa mai laushi, iyakarsa ke nan. Masu sa allura ko reza ko ƙarfen da suka saya a intanet su ɓanɓare da kansu, wani lokaci gutsure kan fita su ji daɗi, amma sun bar wurin da kaushi, sun bar ta ƙarƙashin dasashi wadda ita ce mai haɗarin, ga kuma yiwuwar yanka.

(Taurin nata ma har ya zama abin amfani ga masu binciken tarihi. A 2019 aka ba da rahoton samun ɓurɓushin shuɗin dutsen lazuli, mai tsadar gaske, a cikin kantar haƙoran wata mata da aka binne kusan shekara dubu da suka wuce a Dalheim ta ƙasar Jamus, abin da ya sa ake kyautata zaton tana cikin masu ƙawata littattafai da zane. Abin da ya yi shekara dubu a ƙasa bai narke ba, ba ruwan gishiri ne zai narkar da shi ba.)

Saura wankin haƙori a asibiti, wanda mutane da yawa ke tsoro. Ana cewa yana sa haƙora su yi girgiɗi, yana buɗe tsakaninsu, yana kankare su. Masu faɗin haka ba ƙarya suke yi ba game da abin da suka ji a bakinsu, fassarar ce ta kuskure. Na'urar da ake amfani da ita karkarwa take yi da sauri tana fesa ruwa, tana farfasa kantar ta rabu da haƙori. Ramukan da harshe ke ji bayan an gama, wurin dasashi da ƙashi ne da ciwon ya riga ya cinye, kantar ce ta cike gurbin ta rufe ɓarnar. Girgiɗin ma da ma yana nan, kantar ce ta ɗaure haƙoran da juna, ciwon kuwa yana ci gaba da cin gindinsu. Tsirawar sanyi kuwa saboda saiwar da ta daɗe a rufe ta fito fili, kuma yawanci takan lafa cikin 'yan kwanaki ko makonni.

Sau nawa ya kamata a je? An saba jin wata shida-shida, amma ba doka ba ce da ta hau kan kowa. Wani nazarin Cochrane na 2018 ya nuna cewa ga manya masu zuwa duba haƙori a kai a kai waɗanda ba su da ciwon dasashi mai tsanani, wankin da ake yi bisa al'ada bai kawo wani bambanci na a zo a gani ba a lafiyar dasashinsu cikin shekara biyu zuwa uku, ko da yake ya ɗan rage kanta. Sai dai a lura da su wa aka yi nazarin a kansu, mutanen Birtaniya ne da suka saba ganin likita. Wanda bai taɓa zama a kujerar likitan haƙori ba, kuma kanta ta riga ta yi masa katanga, ba da shi ake ba. Shi yana buƙatar wankin farko kafin ma aikin gida ya fara tasiri, kuma manyan asibitocin gwamnati da na koyarwa suna da sashen haƙori da ake yin sa.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su jira sai sun ga alama ba. Mai ciwon suga yana gaba, domin ciwon na tsananta ciwon dasashi, shi kuma ciwon dasashin yana wahalar da daidaita suga. Mai shan taba ya fi tara kanta, sannan taba na tsuke jijiyoyin jini ta yadda dasashinsa ba ya zubar da jinin da zai gargaɗe shi. Mai juna biyu dasashinta kan yi saurin kumbura, kuma wankin haƙori ba ya cutar da ciki. Masu shan wasu magungunan hawan jini irin su amlodipine da nifedipine, ko maganin farfaɗiya phenytoin, wani lokaci dasashinsu kan yi kauri ya hau kan haƙora, abin da ke ƙaruwa in akwai dauɗa. Irin waɗannan kada su daina shan maganinsu da kansu. Su gaya wa likitan da ya rubuta musu, su kuma gaya wa likitan haƙori abin da suke sha, shi zai yanke musu tazarar dawowa, wadda ga wasu ba ta wuce wata uku.